Kwanon Juma'a

A gidanmu da ke Jakara, cikin birnin Kano, ƙamshin gurasa kan riga ladan tashin mu daga barci. Tun da sauran dare Inna ta kwaɓa fulawa ta bar ta ta tashi, ta hura wutar kara a tanderu, sannan ta duƙa tana manna kwaɓin a jikinsa da tafin hannun da zafi ya daɗe da daina yi wa komai. Da wannan tanderun aka biya kuɗin makarantarmu mu bakwai bayan rasuwar Baba. Da shi kuma aka saya mini gado da kwanuka lokacin da za a kai ni ɗakin miji.

Ni ce 'yar fari, saboda haka akwai alkunya tsakanina da Inna. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In ba “ke” ba, to “yarinyar nan”. Ranar da na kawo takardar shaidar malanta, kallo ɗaya ta yi mata ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da tankaɗe. Amma kowace safiya gurasar da ta fara fitowa daga tanderu ba ta shiga cikin ta sayarwa. Inna kan ajiye ta gefe ta rufe da faifai, ba ta cewa ta wance ce, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Da na yi aure na koma Kurna, sai abin ya zama na mako-mako. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena zai yi sallama da kwano: gurasa bandashe, ta sha ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Duk abin da bakin Inna ba zai iya faɗa mini ba, cikin kwanon nan yake zuwa.

Ban san ranar da ciwo ya same ni ba, domin tare muka girma. Tun ina firamare cikina kan kumbura bayan cin abinci, gudawa ta zo ta tafi, ga rama, ga jiri in na miƙe tsaye. An yi mini maganin taifot har na daina ƙirgawa. An ce olsa ce, aka hana ni yaji da tsami, aka ce in lizimci shayi da burodi. Duk awon da aka yi sai a ce jinina ya yi ƙasa, a ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, in shanye, a sake awo a tarar jiya i yau. A gida kuwa kowa da fatawarsa: wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce dattin ciki, Gwaggo ta rantse sammu ne. Na sha saiwoyi da sassaƙe iri-iri, na sha rubutu. Bayan aure na yi ɓari sau biyu a shekara biyu, ƙananan maganganu suka fara tashi a dangin maigidana, irin waɗanda ba a faɗa a gabanka amma sai sun iso kunnenka.

Bayan ɓari na biyu ne aka tura ni wurin wata likita da ta yi karatu a Sudan, inda likitoci suka daɗe da sanin wannan larura. Ta yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: me nake ci da safe, me nake ci da rana, me nake ci da dare? Na lissafa mata: gurasa ko burodi, taliya, tuwon semo, fanke in an tashi tara a makarantar da nake koyarwa. Ta ajiye biro ta ce tana zargin cutar siliyak, za a gwada jinina, in ya nuna alama a zura mini siririn bututu mai kyamara ta baki a gutsuro ɗan abin da za a auna daga hanjina. Sannan ta ja mini kunne kada in daina cin alkama kafin a gama, domin in na daina gwajin zai iya fitowa fes alhali cutar tana nan. Haka na yi makonni ina karɓar kwanon Juma'a, ina ci a hankali, ina jin daɗin kowace loma kamar mai sallama da baƙon da ba zai dawo ba.

Sakamako ya tabbatar da zarginta. Ta yi mini bayani da zane a bayan takarda. A cikin alkama da sha'ir, da wani danginsu na ƙasashen sanyi, akwai sinadarin da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo har ya kama jikin tanderu. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, da ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, garin yaƙarsa ta ɓarnata hanjin kansa. Cikin hanjin mai lafiya kamar tawul yake, cike da 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci. Nawa ya zama kamar tawul ɗin da ya suɗe. Shi ya sa nake ci ba na ƙoshi, nake shan maganin jini yana wucewa. Ta ce kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya na da ita, galibinsu ba su sani ba, kuma rashin magance ta na iya sa hannu a ɓari. Babu ƙwaya, babu allura. Maganinta ɗaya ne: barin alkama har ƙarshen rayuwa.

Daga baya na karanta yadda aka gano haka. Wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ya daɗe yana zargin alkama. A yunwar da ta afka wa ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yanke, sai yaran da ke fama da wannan ciwo suka fara samun sauƙi. Da burodi ya dawo ciwo ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. Na jima ina juya wannan labari a raina: abin da ya kashe dubban mutane rashinsa, shi ne rashinsa ya raya waɗansu. Ashe da Bahaushe ya ce abincin wani gubar wani, ba misali kawai ya buga ba.

Faɗa wa Inna ya fi mini haɗiyar bututun likita wuya. Na same ta da la'asar tana auna fulawar gobe. Na yi bayani kaina a sunkuye, ita kuma ba ta daina aunawa ba. Da na gama, sai ta dubi ƙanwata, ba ni ba, ta ce, “Ku tambaye ta, shekara ashirin da bakwai guba nake ba ta ke nan?” Na ce, “Inna, ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya halicci jikina.” Ba ta amsa ba. Juma'ar da ta biyo baya na zauna ina sauraren sallamar ƙanena har aka kira magariba. Ba a zo ba. Ta gaba ma haka.

A wannan tsakanin na shiga koyon zama da sabuwar doka, na kuma gane cewa alkama ta fi ƙarfin burodi da taliya. Tana cikin cincin da alkaki da dubulan da funkaso da alkubus, wato kusan duk abin da ake fita kunya da shi a biki da suna da Sallah. Tana ɓuya a ɗanwaken da aka ƙara wa fulawa, da waɗansu dunƙulen ɗanɗanon miya, da lemon malt da ake yi da sha'ir. Na zama mai tsayawa a kanti ina karanta ƙananan rubutun bayan leda har mai kanti ya ƙosa. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo guda na abinci kafin a ce babu shi, wato ɓurɓushin da ido bai damu da shi ba ya isa ya yi ɓarna. Saboda haka ƙosai halal ne gare ni, amma ban da wanda aka soya a man da aka soya fanke. Tsire ma haka, sai dai in mai tsire ya yanka gurasa da wuƙar, ya ɗora ta a kan naman, na haƙura. Maigidana ya saya mini tukunya da muciya da rariya nawa na kaina, ya kuma koma cin burodinsa a teburin mai shayi.

Wanda ya fi ba ni wahalar ganowa shi ne injin niƙa. Bayan na fara murmurewa sai ciwo ya dawo, alhali tuwon dawa kawai nake ci. Sai da na bi yarinyar da nake aike har wurin mai inji, na ga ya juye alkamar wata ya zuba dawata a kai, ko kakkaɓewa babu. Tun daga ranar nake kai niƙa unguwa ta uku, wurin wani dattijo da ba ya karɓar alkama.

Abin da ban rasa ba shi ne abin ci. Kayan gwangwani da biskit na musamman da ake shigowa da su daga Turai sun fi ƙarfin albashin malamar firamare, kuma ban buƙace su ba. Gero da dawa da masara da shinkafa da wake da rogo da doya duk nawa ne. Na koma ga fura da kunun tsamiya da dambu da alale, na koyi dafa accar da ake kawowa daga Filato, na mayar da daddawa gurbinta a miya. Da tsohuwar zuma ake magani: abincin da kakata ta rayu a kansa a ƙauye, wanda muka raina da muka waye, shi ya tsayar da ni da ƙafafuna.

Wahalar tana wurin mutane. A ƙasar Hausa wanda ya miƙo maka abinci zumunci ya miƙo, in ka mayar da kwano a rufe ka mayar masa da fuskarsa. Na ji ana cewa tsirfa ce ta 'yan boko, na ji ana cewa cutar Turawa na aro. Wata 'yar'uwar maigidana ta daina gaishe ni wata uku, wai na ƙi cin abincinta don ina zargin za ta sa mini wani abu. “Ɗan taɓa mana, ko loma ɗaya,” ita ce kalmar da na fi tsoro a gidan biki. Na koyi cin abinci kafin in fita, na koyi tafiya da dabino da gyaɗa a jaka, na kuma koyi karɓar kwano da hannu biyu in yi godiya sosai, sannan in faɗi gaskiya. Waɗansu sun fahimta, waɗansu har gobe.

Wata na huɗu, ranar wata Juma'a, sai ga ƙanena da kwano. Na buɗe na ga waina, fara tas, da miyar taushe. Na zauna a tsakar gida na cinye ta ina hawaye. Kafin isha cikina ya ɗaure, na kwana ina zarya, na yi kwana uku ban je makaranta ba. Ranar ta huɗu Inna ta zo da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa. Can ta ce, “Ɗan kaɗan ne na barbaɗa a ƙullun don ya haɗe. Bai cika cokali ba.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Na ɗauka likitocin nan ne da faɗi.” Ban ce komai ba, domin na fahimci abin da take so ya zama gaskiya. In cokali ɗaya bai yi mini komai ba, to shekara ashirin da bakwai ɗin ma ba su yi ba. Ta tashi za ta tafi, ta kai bakin ƙofa, ta juyo ta kira sunana. Sau ɗaya. Ta ce in yafe mata.

Abin da ya biyo baya ƙanwata ce ta ba ni labari. Inna ta je Kasuwar Kurmi ta sayo sabon turmi da taɓarya da sabuwar tanda, ta kai su ɗakin da ke can ƙuryar gida inda ƙurar fulawa ba ta kaiwa, ta hana kowa taɓawa. Daren Alhamis takan jiƙa shinkafa. Ranar Juma'a in ta gama gurasar sayarwa sai ta yi wanka, ta sauya zane, ta yanke farce, sannan ta shiga ɗakin ta daka shinkafar da hannunta, domin ta ce ba ta yarda da injin kowa ba. Mace ce da ta haura sittin, kuma ga 'yan mata a gidan, amma ba ta ba kowa taɓaryar.

Jinina ya cika cikin shekara guda, ba tare da na canza komai ba sai abinci. Bayan shekara biyu na haifi 'ya mace. Likita ta ce 'ya'ya da 'yan'uwan mai siliyak na jini sun fi kowa haɗarin samunta, kusan ɗaya cikin goma, don haka za a riƙa gwada yarinyar, amma kada a hana ta alkama ba dalili. Yanzu shekararta huɗu, kuma ita ke cin gurasar farko in mun je Jakara. Inna kan miƙa mata tana tsokanarta, “Zo nan kishiya, karɓi rabon uwarki.” Yarinya ta karɓa ta ruga wasa. Ni kaɗai nake lura cewa Inna ba ta komawa bakin tanderu nan take. Takan tsaya tana bin ta da ido, tana duban cikinta, tana duban tafiyarta. Washegari da sassafe wayar ƙanwata za ta shigo, in ji muryar Inna daga nesa tana cewa, “Ku tambaye ta, yarinyar ta kwana lafiya?”

Kwanon yana nan yana zuwa duk Juma'a. Wani makon waina, wani makon sinasir, in an yi sabon gero kuma fura. Ƙamshin gurasa har yau yakan tsayar da ni in na bi ta Jakara da asuba, kuma ba zan ce ba na kewarta ba. Sai in tuna amon taɓarya daga ƙuryar gida, in ja mayafina in wuce.