Zakara ne ko sagara?

A makonnin farko 'yan tsaki duk kamarsu ɗaya, suna bin uwa suna tsattsagar tsaki. Sai wajen mako 6 nake fara ganewa. Zankon namiji ya soma tasowa yana ja, ƙafafunsa sun yi kauri, yana miƙe wuya yana tsokanar 'yan'uwansa. Macen kuwa zankonta ƙarami ne, bai yi ja ba, kuma takan riga shi cika gashi. Wasu kan riƙe tsako ta ƙafa su juya kansa ƙasa, wai don su gane. Ban yarda da wannan ba, wahalar da shi kawai ake yi. Na fi son in zauna bakin akurki da yamma ina dubansu, wanda ya shige mini duhu in jira cararsa wajen wata 5.