DNS na baibai: yadda lamba ke faɗin sunan mai ita

1/ Jama'a, kowa ya san Truecaller: baƙuwar lamba ta kira ka, sai suna ya fito. To kwamfutoci ma suna da irin nasu, kuma duk mai ƙaramar cibiyar kwamfuta a Gumel ko Maigatari ya kamata ya saita shi. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ DNS da aka saba da shi, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, suna kake ba shi ya ba ka lambar IP. Na baibai kuwa lamba kake ba shi ya ba ka suna. Kamar shaidar da ke jikin sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis: ka ga shaida, ka san mai shi.

3/ Duk hutu ina taya wani yayana aiki a cibiyarsa a Gumel. Kwamfuta 24, firinta ɗaya, rauta ɗaya. Lokacin JAMB yara daga Gagarawa da Sule Tankarkar suke cika wurin, suna koyon jarrabawa a kwamfuta. Data kuma da kuɗinsa yake saye.

4/ Sai data ta riƙa ƙarewa tun kafin wata ya raba. Aka duba rajistar rauta, ga 192.168.10.21 tana ta zuƙa. To wace kujera ce 21? Yaya ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana leƙa allon yara, kowa na kallonsa kamar an zo kamen ɓarawo. Abin ba daɗi wallahi.

5/ Lambobin da suka fara da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne. Takardar RFC 1918 ta 1996 ce ta ware su. Ba wanda ya mallake su a intanet, don haka ba wani a waje da zai gaya maka sunansu. Kai za ka rubuta da kanka.

6/ Ga yadda na yi da BIND a wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu. Ka ɗauki kashi ukun farko na lambar, ka juya su, ka ƙara in-addr.arpa. Wato 192.168.10 ya koma:
10.168.192.in-addr.arpa
Sunan yankin ke nan, shi za ka saka a named.conf.local.

7/ Me ya sa ake juyawa? A sunan intanet babba yana ƙarshe ne, kamar ng a fud.edu.ng. A lambar IP kuwa babba yana farko. Sai an juya kafin su yi daidai.

8/ A fayil ɗin yankin, bayan layin SOA da NS, kowace kwamfuta layi ɗaya ne mai suna PTR:
21 IN PTR kujera21.cibiya.internal.
Kun ga ɗigon ƙarshe? Idan babu shi, BIND zai liƙa sunan yankin gaba ɗaya a bayan sunan, ya fito da wani dogon abu mara kan gado.

9/ Kafin ka kunna, gwada da named-checkzone. Duk gyaran da ka yi, ƙara lambar siriyal ta SOA. Sannan ka buga:
dig -x 192.168.10.21
Idan kujera21 ta fito, an gama.

10/ Amma ga inda na fi so ku natsu. Rauta tana raba lambobi yadda ta ga dama. Mai 21 yau, gobe tana iya zama 34. Idan ba ka ɗaure kowace lamba da adireshin MAC na kwamfutarta ba, PTR ɗinka zai faɗi suna, amma sunan wani.

11/ Ku ɗauka yarinya ta biya kuɗin mota daga Sule Tankarkar ta zo koyo, a ce mata ita ke cinye data, alhali lambar ce ta canja kujera. Gara a ce ba a sani ba, da a nuna ta da yatsa. Don haka ɗaure lamba tukuna, sannan PTR.

12/ A wurinmu, da suna ya fito, ashe ba kowa ba ne. Kujera21 ce ke sauke sabuntawar Windows ita kaɗai da rana tsaka. Aka saita ta, yaya ya huta da sintiri.

13/ Ƙarin riba: idan ba mai amsa irin wannan tambayar a cikin gida, takan fita intanet a banza. Abin ya yi yawa a duniya har aka kafa shirin AS112, sabobin sa-kai da ke tare irin waɗannan tambayoyin. Ka amsa a gida, ba jiran netwok.

14/ Idan BIND ya maka nauyi, dnsmasq yana haɗa PTR da kansa daga fayil ɗin hosts da lambobin da ya raba. Ga kwamfuta 10 ko 20 ya wadatar.

15/ 'Yan kimiyyar kwamfuta masu SIWES, wannan aikin yini ɗaya ne. Wanda ya gwada dig -x bai ga suna ba, ya ajiye hoton allonsa a ƙasa mu duba tare.