Daga Rano Da Kibiya Zuwa Ƙofar Mata: Tafiyar Masoyan Sai Masu Gida

DUK ranar Lahadin da Kano Pillars za ta buga wasa a gida, tun da hantsi ake gane hakan a tashar motar Rano. Samari ne za ka gani jefi-jefi sanye da riguna masu ruwan ɗorawa da kore, wani ya ɗaura ƙyalle a ka, wani ya rataya shi a wuya. 'Yan Kibiya kuwa, da na Tarai da Saya-Saya, su kan riga kowa sammako, domin sai sun hau babur ko ƙaramar mota sun iso Rano tukuna kafin su kama hanyar birni. Wani kuɗin ƙwadagon gona na mako guda ya tara. Wani kuɗin da ya ware don cajin waya da sauke sababbin finafinai ne ya haƙura da su. Ka tambaye shi ina za shi, amsar guda ce: "Gida mana!"

Abin mamaki a nan shi ne, gidan da ya ke nufi ba a Rano ya ke ba, ba kuma a Kibiya ba. Ya na can Ƙofar Mata, cikin birnin Kano, tafiyar fiye da sa'a guda a mota. Filin wasa na Sani Abacha kenan, inda mai kuɗi da talaka, ɗan birni da ɗan ƙauye, ke haɗuwa su zama abu ɗaya na tsawon minti 90.

Hanyar birni

Mota ta na barin Rano ta Autan Bawo, sai duwatsun da su ka yi wa ƙasar ado su riƙa ja da baya. Daga nan sai Bunkure, inda gonakin shinkafa da na tumatir su ke shan ruwan madatsar Tiga rani da damina. A Karfi ake hawa babban titin Zariya zuwa Kano, a tsallake gadar Tamburawa, a wuce Na'ibawa da Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi. Duk tsawon hanyar nan babu mai gyangyaɗi a cikin mota, domin musu ake yi. Wannan ya ce koci bai iya canji ba, wancan ya ce matsalar ta 'yan baya ce. Direba ma ba a bar shi a baya ba, ya na tuƙi ya na jefa baki.

Ɗan Rano ba baƙo ba ne a Ƙofar Mata. A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne ake kira sarakunan baba, wato masu rini. To ga shi kuwa filin ƙwallon ya na maƙwabtaka da tsohuwar marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun shekarar 1498. Kakanni sun zo da saƙi da shuni, jikoki sun zo da tuta da ganga.

Cikin fili

Da ƙarfe huɗu na yamma aka saba take wasa, saboda haka mai hankali ya kan shiga da wuri, ya yi alwalar sa, ya san inda zai yi La'asar. A bakin ƙofa akwai layi, akwai turereniya, akwai masu gurasa da masu rake da masu awara, ga yara na yawo da ruwan leda da zoɓo mai sanyi. Wanda ya zo daga ƙauye ya kan dafe aljihun sa da hannu ɗaya, domin an sha ba shi labari tun a gida.

Da zarar mutum ya haye matakala ya leƙa ciki, sai ya manta da wahalar hanya. Filin ya na ɗaukar mutum kimanin 16,000, to amma ranar babban wasa sai ka rantse duk Kano ce ta taru. Mai hali ya kan nufi ɓangaren da ke da rumfa. Samarin Rano da Kibiya kuwa sun fi son ɓangaren rana, inda makaɗa su ke, inda ba a zama sai an gaji da tsayuwa. A nan ne ake gwada maƙogwaro. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Sai wa?" Dubban mutane su amsa, "Sai Masu Gida!"

Kai, mai karatu, ko a silima ba a yin ihu irin wannan. A silima idan jarumi ya fito ya naushi bos, 'yan kallo su kan yi tafi da fito, amma kowa ya san darakta ya riga ya tsara komai. A Ƙofar Mata babu darakta, babu wanda ya rubuta labari, babu kuma wanda zai ce a sake ɗauka. In an zubar da ƙwallo ta zubu kenan.

Filin ya ga manya. An buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikin sa a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 na duniya a 2009. A wannan gasa ta 2009 ne 'yan Sifaniya su ka yi wasa a Kano, cikin su har da wani yaro mai suna Isco, wanda daga baya ya zama tauraro a Real Madrid. Har gobe akwai masu bugun ƙirji a majalisa su ce sun gan shi ido da ido tun duniya ba ta san shi ba.

Ranakun da ba a mantawa

An kafa Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Sai da aka yi shekara 18 ana jira kafin ta ɗauki kofin lig na Nijeriya a 2008, a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda dattawan magoya baya ba su gajiya da ba da labarin ta. A 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin. Wasan farko aka tashi 1-1. Kowa ya ce shi kenan, in an je Alƙahira sai dai a ƙirga ƙwallaye da kwando. Ina! Aka tashi 2-2, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. Masu sauraren rediyo a daren nan ba su yi barci da wuri ba. Tafiyar ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri, 'yar gida Nijeriya, ta fitar da Pillars da ci 5-0 a wasanni biyu. Daɗi da ɗaci a shekara guda.

A kakar 2009/2010 ne wani siririn yaro ɗan Jos mai gudu kamar barewa ya ci ƙwallo 18 a lig. Sunan sa Ahmed Musa. Daga Ƙofar Mata ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya je Ingila. Ranar da ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, da ranar da ya maimaita wa Ayislan a 2018, a gidajen kallon Rano da Kibiya ba a ce ɗan Nijeriya ya ci ba, cewa aka yi, "Yaron mu ne!" Ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, sannan a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

Sai shekarun mulki: 2012, 2013, 2014, kofin lig sau uku a jere. Zamanin su Gambo Mohammed kenan da Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele. A wannan lokacin baƙo in ya shigo Kano, addu'ar sa ita ce a ci shi kaɗan. Daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta doke Pillars a gida a wasan lig, wasa 202 cur. Nasarawa United ce ta karya wannan lago a watan Agusta na 2015 da ci 2-1. Dama shekarar ta zo da nauyi, domin a watan Maris 'yan fashi su ka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, su ka raunata biyar daga cikin su, har da Gambo. Allah Ya sa da sauran shan ruwa.

In kuwa fim ake nema mai kashi biyu, to ga shi. Kashi na ɗaya a Asaba aka yi shi, a wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018. Pillars ta ci Rangers ta Inugu uku ba ko ɗaya. A gidajen kallo har an fara zancen inda za a tari kofi. Sai Rangers ta farke ɗaya, ta farke biyu, ta farke uku, aka je bugun fenareti ta ɗauke kofin. Da furodusa ne ya kawo wannan labari, da 'yan kallo sun ce ƙaryar ta yi yawa. Kashi na biyu ya fito a Kaduna a watan Yuli na 2019: aka tashi canjaras da Niger Tornadoes, a fenareti Pillars ta ci 4-3. Rabon da wata ƙungiya daga Kano ta ɗauki wannan kofi tun 1953.

Gidan kallo

Ba kowa ke da kuɗin mota ba. Ga wanda bai samu zuwa ba, akwai rediyo, akwai waya, akwai kuma gidan kallo: rumfar kwano, bencina, janareta na ta kuka a waje, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. A farkon shekarun 2000 irin waɗannan wurare finafinan Hausa da na Indiya su ke haskawa, lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' ke tashe. Sannu a hankali ƙwallon Turai ta karɓe allon. Yanzu yaro a Kibiya zai lissafa maka 'yan wasan Barcelona ko Arsenal tun daga gola har benci, ya yi fushi ya ƙi cin tuwo don an ci Chelsea.

Duk da haka akwai bambanci, kuma su kan su sun sani. Madrid ba ta san da zaman Kibiya ba. Ihun da aka yi a rumfar kwano ba ya kaiwa Landan. Amma a Ƙofar Mata muryar ɗan Kibiya ta na shiga kunnen ɗan wasa, ta ƙara masa ƙarfi, ta kuma kaɗa hantar baƙo. Wasa 202 ɗin nan ba 'yan wasa kaɗai su ka yi shi ba, da hannun 'yan kallo a ciki.

Mai gida a gidan haya

To a nan gizo ke saƙar. Hannun da ya gina gidan, shi ne kuma ya sha rushe shi. A watan Afrilu na 2022 aka yi hargitsi a filin yayin wasa da Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukumar lig ta kwashe wa Pillars maki uku, ta kuma kore ta daga Kano. Kafin kakar ta ƙare an sake kwashe wasu maki ukun saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa. Ƙarshen ta, ƙungiyar da ta ɗauki lig sau huɗu ta faɗa rukuni na ƙasa. Sai a 2023 ta dawo.

Aka ɗauka an ɗauki darasi. Sai ga shi a watan Oktoba na 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, wasu 'yan kallo su ka tsallaka cikin fili su ka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukunci ya biyo baya: maki uku, tarar naira miliyan 9.5, da mayar da wasannin gida zuwa Katsina.

Wa ya fi shan wahalar wannan hukunci? Mai hali zai hau motar sa ya tafi Katsina ko Abuja ya kwana a otal. Ɗan wasa za a kai shi a motar ƙungiya. Amma yaron nan na Tarai da ya yi mako guda ya na ƙwadago don ya ga Pele ido da ido, shi kam an rufe masa ƙofa. Kuɗin sa iyakar Kano su ke kai shi. Bai jefi kowa ba, bai tsallaka waya ba, lokacin da ake rikicin ma ƙila ya na can ya na sauri ya samu motar Rano kafin dare ya yi. Wani ya ci gyaɗa, shi aka bari da ɓawo.

Shi ya sa manyan magoya baya ke ja wa yara kunne tun a mota. Alƙalin wasa mutum ne, ya na kuskure, wani lokacin ma ya na son kai. Ka yi masa ihu iya ƙarfin ka, wannan haƙƙin ka ne, kuɗi ka biya. Amma dutse ko gorar ruwa da ka jefa, ba kan sa ta ke faɗawa ba, kan makin ƙungiyar ka ta ke faɗawa. Kuma wanda ake kira mai gida, ai mutunta baƙo na cikin aikin sa: ka ci shi ƙwallo a fili, ka raka shi mota lafiya.

Komawa

Ana tashi daga wasa Magariba ta gabato. Sai a yi ta sauri a tsallaka titi, a nemi a-daidaita-sahu zuwa tasha. In an yi nasara, motar Rano ta kan cika da waƙa da tsokana tun daga Na'ibawa har Bunkure. In an yi rashin sa'a kuwa, sai ka ji tsit kamar an dawo daga jana'iza, har sai wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ai wallahi ƙwallon nan ta biyu satar gida ce!" Shi kenan musu ya dawo sabo.

'Yan Kibiya su ke isa gida a ƙarshe, bayan Isha'i, murya ta dishe, aljihu ya bushe. A teburin mai shayi abokai na jira, kowa na son jin yadda aka yi daga bakin wanda ya gani da idon sa. Shi kuma sai ya gyara zama, ya kurɓi shayi, ya fara tun daga bakin ƙofa. Kafin ya gama, biyu ko uku daga cikin su sun fara lissafin abin da za su tara kafin wasa na gaba.

Allah Ya bar mai gida a gidan sa.