Squid Game ya zama gasar gaske, fadarmu ta rabu biyu

Jama'a, duk wanda ya kalli Squid Game na Koriya ta Kudu a 2021 ya san zancen: bashi ya kora talakawa cikin wasan mutuwa, attajirai na kallo suna shewa. A 2023 sai Netflix ta maida shi gasar gaske a Ingila, mutum 456, kyauta dala miliyan 4 da dubu 560.

A fada, wasunmu suka ce ai ba wanda ya mutu, baƙar tawada ce kawai ke fashewa a ƙirji, mutum ya kwanta, ya tashi ya koma gida. Gaskiya ne. Amma inda aka haɗa uwa da ɗanta, dole ɗaya ya fidda ɗaya, wallahi hawayen nan ba na fim ba ne. Mu kuma ga mu kan tabarma da shayi, muna gardamar wa zai faɗi, kamar attajiran can masu rufe fuska.