Aji Uku a Kakuri: Kwanakin Mai Koyon Malanta

Litinin

Na tsallaka gada daga Tudun Wada da sassafe, hazon hunturu ya lulluɓe kogin Kaduna. Keke ta sauke ni a wata firamaren gwamnati a Kakuri, inda na nemi a bar ni in taimaka kyauta. Ina karatun NCE a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a nan Kaduna a 1976, shekarar da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, ya cika makarantu da yara aka rasa isassun malamai. Darasinmu na ƙarshen mako ne, ni kuwa so nake in san aji tun kafin a ba ni takardar shaida.

Hedimasta ya ce, "'Yata, albashi babu, amma aiki kam akwai." Ya haɗa ni da malamar aji uku, dattijuwa mai sanyin murya. Da ta kira rajista sai na ji Nijeriya ce a ɗaki guda: Gbagyi, Bajju, Atyap, Ham, Tibi, Idoma, Ibo, Yarbawa, Hausawa. Masaƙu ne suka tara kakanninsu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, amma jikokin ma'aikata suna nan, huɗu ko biyar a benci guda.

Talata

Malama ta ba ni littattafan yara in duba. Na wata yarinya ya burge ni: rubutu tsaf, babu gogewa, duk abin da ke allo ya sauka daidai. Na kira ta in yaba mata, na ce ta karanta mini layin farko. Ta sunkuyar da kai. Na nuna kalma guda, shiru. Na nuna harafi, ta san wasu, ba ta san wasu ba.

Shekara uku ke nan tana zana haruffa, ba ta san magana ce a cikinsu ba. In aji ya ɗauki karatu baki ɗaya, ita ma bakinta na motsi, wanda ke tsaye gaban allo sai ya ɗauka kowa ya iya. Har na kwanta abin bai bar raina ba.

Laraba

Na roƙi Malama ta bar ni in ji karatun kowane yaro shi kaɗai. Na zauna a baranda da takarda mai haruffa, da gaɓoɓi, da gajerun jimloli, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu na karantawa tiryan-tiryan. Wasu na haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Wasu kuwa, kuma ba kaɗan ba ne, suna inda yarinyar jiya take.

Malama ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Ƙanwata, na san su duka. Amma manhaja na jirana, zango na ƙarewa, ni kuma ni kaɗai ce." Ta tuna mini jarrabawar 2017, lokacin gwamna Nasir El-Rufa'i, da aka gwada malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ita ta tsallake. Dole malami ya san abin da zai koyar, wannan babu ja. Sai dai na ga akwai wani sanin da takarda ba ta aunawa, wato gane yaron da aka bari a baya, da samun lokacin komawa a ɗauko shi.

Alhamis

Da aka fita tara na tsaya ina sauraro. 'Yar gala-gala, langa, rigimar ƙwallo, cinikin awara da ƙuli-ƙuli, duk da Hausa ake yi, jefi-jefi da Turancin buroka. Da an koma aji sai bakuna su mutu. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta kawo shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a unguwarsu. A nan harsunan gida sun fi a ƙirga da yatsu, amma Hausa ce mahaɗa.

Na ɗauki rukunin waɗanda aka bari a baya muka fara: ba, be, bi, bo, bu. Rubutun boko na Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yaro na saurin gane dabarar. Wani uba da ya zo ɗaukar ɗansa ya ce, "Anti, Turanci na kawo shi ya koya." Na ce, "Baba, gaskiyarka, kuma zai koya. In ya gane cewa harafi sauti ne, da wannan sanin zai shiga Turancin." Ya ce zai zuba ido.

Asabar

Bayan darasin NTI na yanka kwalaye na rubuta gaɓoɓi da manyan baƙaƙe. Umma ta sake tambayata dalilin da ya sa sai ƙetaren gada. Na san abin da ke ranta. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane sun yi ƙaura, galibin Musulmi suka koma arewacin kogi, galibin Kirista suka koma kudu. Na ce mata yaran ajina ba a haife su ba a lokacin, kuma fensir guda suke karɓa-karɓa. In malamai ma suka ƙi tsallakawa, wa zai fara?

Litinin

Malama ta ba ni rabin sa'a kowace safiya da rukunin baya, ita kuma tana gaba da sauran. Na raba katuna, kowa ya haɗa kalmar da ya sani: gida, rana, keke, masa. Wani yaro da ba ya magana ya haɗa sunan kakarsa, ya ɗaga hannu yana tsalle. Na sa waɗanda suka iya su zauna kusa da waɗanda ba su iya ba, aji ya cika da surutu, amma surutun karatu ne.

Laraba

Yarinyar nan mai kyan rubutu ta karanta jimla guda da kanta, a hankali, yatsa a kan kowace gaɓa. Da ta kai ƙarshe ta sake komowa farko, don ta tabbata ba hadda ta yi ba. Malama ta sa aka tafa mata.

Saura da yawa. Akwai wanda bai zo ba duk makon nan saboda talla, akwai mai matse ido in ya kalli allo, wanda ya kamata a gaya wa iyayensa su kai shi a duba. Na rubuta sunayensu da inda kowa ya tsaya, zan bar wa Malama kwafi. Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari: duk ajin da Allah Ya ba ni nan gaba, ba zan ɗora alli a allo ba sai na zauna da kowane yaro na ji karatunsa da kunnena.