Ayarin Mutum Uku a Birnin Edinbara

Akwai wani irin tsere da Turawa suka ƙago wanda bai yi kama da wanda aka saba gani a filayen makarantu ba. A tseren makaranta ana shata wa kowa layinsa, a busa usur, wanda ya riga taɓa zare shi ne gwani. Wannan kuwa ba shi da layi, ba shi da hanya guda, kuma mutum ɗaya ba ya cin sa. Ƙungiya-ƙungiya ake shiga, a ba kowace taswira da kamfas, a nuna mata zanguna da aka warwatsa, a ce ta je ta taɓo iyakar waɗanda za ta iya kafin lokaci ya cika. Wani zangon a guje ake zuwa, wani a kan keke, wani cikin kwalekwale, wani kuwa sai an sauko da igiya daga bisa. A daji aka fara shi. Wani ɗan jarida Bafaranshe mai suna Gérard Fusil ya shirya Raid Gauloises a ƙasar Niyu Zilan a 1989, sa'an nan a 1995 aka yi Eco-Challenge ta farko a Jihar Utah ta Amurka, talabijin ya yayata abin a duniya. Da yake ba kowa ne ke da kuɗi da sukunin yin kwanaki a jeji ba, sai aka shigo da wasan cikin gari. A Edinbara, babban birnin Sikotland, an fara wani mai suna Rat Race a 2004.

A wannan birni ne wani saurayi, haifaffen cikin birnin Kano, wanda ya je ƙaro ilmi, ya shiga wani tsere irin wannan na yini guda. Ba shi ya nema ba. Wani dattijo ne mai shekara kusan sittin, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a sashensu, ya rasa cikon na uku a ƙungiyarsa, ya kuma lura cewa saurayin nan kullum a kan keke yake zuwa, ko ana ruwa ko ana iska. Ta biyunsu ɗaliba ce 'yar ƙasar Norway, wadda ta tashi da taswira a hannu, domin a ƙasarsu ne aka yi gasar farko ta neman hanya da taswira wadda aka buɗe wa kowa, tun a 1897. Bakin saurayin ya yi nauyi wajen kiran sa'an ubansa da sunansa gatsau kamar yadda ake yi a can, sai ya laƙaba masa Madugu, ita kuwa ya ce mata Jagaba, ya bayyana musu cewa haka fatake suke kiran shugaban ayari da mai nuna hanya. Sunayen suka bi su.

Ana saura mako biyu suka zauna shawara. Madugu ya ce yana da wata al'ada da ba ya bari, watau kafin a fita kowa ya faɗi abin da ba ya iyawa. Ya fara da kansa: gwiwarsa ta hagu ba ta son gangare, kuma shi matsoraci ne a kan bisa, ko tsani ya hau sai ƙafarsa ta yi rawa. Jagaba ta ce idan yunwa ta kama ta hankalinta yakan rikice, har ta karanta taswira a baibai, saboda haka duk bayan awa guda a tuna mata ta ci wani abu. Aka zo kan saurayi. Ya yi murmushi ya ce shi dai ba wani abu, in Allah ya yarda.

Alhali kuwa bai iya iyo ba, ko kaɗan.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ake renon yaro a cikin birnin Kano. Ruwan da ke kusa shi ne kududdufi, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, damina ta cika shi. Iyaye sun san abin da ke cikinsa: tsargiya, da fasassun kwalabe, da zurfin da ba a gani, ga kuma labarin ɗan wane da ya shiga bai fito ba. Sau ɗaya tak saurayin ya bi abokansa can yana ɗan shekara tara, ko gwiwa ruwan bai kai masa ba, amma dūkan da ya sha a gida ya ishe shi darasi. Mahaifiyarsa takan ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, ta rufe maganar. Da a Argungu ko Yawuri aka haife shi, cikin masunta, da labarin ya sha bamban. Rashin iyawar ba laifinsa ba ne. Laifin ya fara ne ran da aka miƙo masa takardar shiga, wadda a cikinta akwai layin da mai shiga zai tabbatar ya iya iyo, ya karanta sarai, ya sa hannu. Ya gaya wa zuciyarsa cewa ai za a ba da rigar da ke hana nutsewa, kuma kwalekwale ba kifewa zai yi ba. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa. Mai karatu ya auna da kansa, amma kunyar da aka sani ita ce wadda ke sa mutum ya danne bukatarsa don kada ya ɗora wa wani nauyi. Wadda ke sa ya ɓoye rauninsa, ya bar abokan tafiya su ɗauki kasadar ba da saninsu ba, girman kai ne ya ari rigar kunya.

Ranar tsere ta zo a tsakiyar bazararsu, lokacin da rana ke fitowa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare. Aka raba taswira ana saura 'yan mintoci a tashi. Ka'ida ita ce kowane zango da makinsa, mai nisa ko mai wuya ya fi tsoka. Ba dole ne a je duka ba. Mutum uku ba sa rabuwa. Wanda ya dawo bayan lokaci kuwa, kowane minti da abin da za a zaftare masa. Kowa aka ɗaura masa wata 'yar na'ura da zai zura a akwatin zango don shaidar ya iso. Saboda haka gudun gwanin ƙungiya ba ya ƙara mata komai, da saurin na baya ake lissafi.

Aka fara da ƙafa a tsohon gari. Edinbara ta dā a kan doron dutse aka gina ta. Titi guda, Royal Mile, ya gangaro daga fadar da ke bisa dutse zuwa fadar Holyroodhouse, kimanin mil ɗaya, lunguna matsattsu suna fita daga gare shi hagu da dama kamar ƙayar kifi. A nan taswira ta yaudari Jagaba. Ta ga titi biyu sun gitta juna a takarda, ta ja su da gudu, sai ga su a kan gadar George IV suna leƙen zangon a can ƙasa, a titin Cowgate, hanyar da ake bi da shanu zuwa kasuwa a zamanin dā. Garin hawa biyu ne a wannan wuri, takarda kuwa shimfiɗe take. Madugu ya yi dariya ya zagaya da su ta Grassmarket. A zango na gaba shi kansa Madugu ya ɗaure, domin ko ɗan gari bai san lungunan nan duka ba. Saurayi bai ɓata lokaci ba, ya tsayar da wani mai sauke kaya a bayan wani kanti, ya gaishe shi, ya nemi kwatance. Su biyun abin bai zo musu a rai ba, shi kuwa da haka ya san Kurmi da Jakara, kuma tun yana yaro ya ji cewa matambayi ba ya ɓata.

Daga nan suka hau Arthur's Seat, tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, wanda ke tsaye a tsakiyar gari, mita 251 bisa teku. Wanda ya saba hawan Dala da Goron Dutse zai ce ya san dutsen cikin gari, sai ya zo nan iska ta nemi ture shi. A gangara suka rage sauri saboda gwiwar Madugu, ba wanda ya yi ƙorafi, domin an san da ita tun farko. Haka kuma da aka zo sauka da igiya daga saman wani dogon gini. Aka ɗaura musu ɗamara da hular kwano, fuskar Madugu ta yi fari fat. Saurayi ya fara sauka, ya tsaya a ƙasa yana kiransa: "Madugu, kada ka dubi ƙasa, dubi bangon da ke gabanka, saki igiyar kaɗan-kaɗan." Dattijo ya sauko yana gumi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na gode, ɗana." A wannan lokaci saurayin ya ji lalle shi ne ƙashin bayan ayarin.

Bayan azahar suka isa bakin ruwa a kan kekuna. Union Canal kogi ne da mutane suka haƙa, aka buɗe shi a 1822 don shigo da kwal cikin gari, ya miƙa kimanin mil 31 zuwa Falkirk. Ruwansa kwance yake, ba ya gudu. Kwalekwalen mai cin mutum uku ne, marar nauyi. A nan ma akwai damar magana, domin Jagaba ta tambaya wa zai zauna a ina. Saurayi ya ce a ba shi gaba. Suka sa riguna, kowa ya ɗauki filafili, suka nufi wajen Slateford, inda kogin ke haye wani kogi a kan gada mai baka takwas.

Ba su yi nisa ba wani dogon jirgin ruwa ya gitta su a hankali. 'Yar igiyar ruwan da ya tayar ba ta kai a kula da ita ba, kwalekwale ya ɗan karkata. Wanda ya san ruwa zai zauna daram ya bar shi ya daidaita. Saurayi ya zabura ya miƙe tsaye, nan take suka kife.

Abin da ya biyo baya bai fi 'yan daƙiƙu ba, amma shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai. Rigar ta ɗago shi sama kamar yadda aka yi ta don ta yi, sai dai firgici ba ya jin wannan. Ya laluba, hannunsa ya sami wuyan Madugu, ya maƙale, ya danna shi ƙasa don shi ya hau. Haka mai nutsewa yake yi, ba ya sanin uba ba ya sanin aboki, shi ya sa masu ceto suke zuwa masa ta baya. Dattijo ya sha ruwa, gefen kwalekwale ya fasa masa gira. Jagaba ce ta finciko saurayin ta wuyan riga tana yi masa tsawa a kunne: "Tsaya da ƙafarka! Tsaya!" Ya sauke ƙafa, ta nutse cikin laka, ya miƙe. Ruwan iyakarsa ƙirji.

Suka fito gaɓa. Ma'aikatan agaji suka zo suka duba Madugu, suka manna masa filasta. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin dariyar yana nan. Saurayi yana rawar ɗari ya buɗe baki ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa mako biyu da suka wuce. Madugu ya daɗe yana tari kafin ya amsa.

"Ɗana, rabin mutanen da na sani ba su iya iyo ba. Da ka faɗa, da mun bar wannan zango mun ƙara biyu a kan keke, inda ka fi mu duka. Ko kuwa mu je wurin masu gasa mu tambaya ko za su yarda mu sa ka a tsakiya, ka zauna a ƙasa ka riƙe gefe. Ni na gaya maka tsorona, ka kuwa riƙe ni da shi ɗazu. Me ya sa ka hana ni in yi maka haka?"

Saurayin ya rasa amsa. Jagaba ba ta ce uffan ba, ta zazzage ruwan da ke jikin ledar taswira, ta ciro dabino daga cikin wanda shi ya kawo musu, ta ci, ta miƙa wa kowa. Sa'an nan ta tambayi Madugu ko zai iya ci gaba. Ya taɓa girarsa ya ce zai iya.

Sauran tafiyar a kan keke aka yi ta, ta bin gefen Water of Leith zuwa cikin gari, da jiƙaƙƙun tufafi. Saurayi ya shiga gaba yana tare musu iska, da tayar Jagaba ta sace kuwa shi ya yi facin cikin ɗan lokaci, aikin da ya koya a gindin bishiyar mai faci a unguwarsu. Duk da haka sun makara. Abin da aka zaftare musu ya cinye makin dutse da na igiya gaba ɗaya, sunansu ya fito can kusa da ƙarshen jeri. Madugu ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Kwana uku a sashe gaisuwa kawai ke haɗa su. A rana ta huɗu saurayi ya tarar da 'yar takarda a kan teburinsa, an rubuta ranaku da lokutan ajin manya masu koyon iyo a Royal Commonwealth Pool, wurin iyon da aka gina don wasannin Kwamanwel na 1970, a gindin dutsen nan da suka hau. Ba sa hannu, amma ya san rubutun.

Ajin na mutum takwas ne, yawancinsu tsofaffin mata. Makon farko ba abin da aka koya musu sai tsoma fuska a ruwa da fitar da numfashi ta hanci, kowa yana riƙe da bakin tafki. Ran Juma'a ya buga wa mahaifiyarsa waya kamar yadda ya saba, bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, na shiga makarantar koyon iyo." Ta yi shiru har ya zaci layin ya yanke. Can ta yi salati, ta tambaye shi ko ruwan yana da zurfi. Ya ce inda suke tsayawa iyakarsa ƙugu. Ta ce to ya tsaya a nan ɗin, ya kuma riƙa yin bisimilla kafin ya shiga.