Tabon Kawu

Kakata takan ce a zamaninsu tun ƙuruciya kuturta take kama mutum. Shi ya sa muka yi mamaki da wani farin tabo, wanda ko an tsikare shi ba ya ji, ya fito wa Kawu yana ɗan shekara 60. Likita ya ce ƙwayar cutar takan laɓe a jiki shekara 5, wani lokaci har 20. Kuma inda yaɗuwarta ta ragu, kamar Japan, sai ta koma bayyana ga dattawa. Kawu ya sha magani wata 6, ya warke da yatsunsa goma. Amma duk ranar da na yi wa ɗana wanka sai na duba bayansa, domin tabo a jikin yaro alama ce cutar tana kusa.